Tsohon Ɗan Bindiga da Yaron da Ke Leƙe

Jimmy Ringo, jarumin fim ɗin The Gunfighter na 1950, shekararsa 35 kacal, amma tun daga shigarsa mashaya ta farko mai kallo zai gane cewa tsoho ne. Sana'ar da ya ɗauka ce ta tsufar da shi tun babu furfura, domin duk garin da ya sauka akwai saurayin da ke jiran ya gwada saurin hannu da shi, don a ce shi ne ya kashe Ringo. Daga wannan fim, wanda Henry King ya ba da umarni kuma Gregory Peck ya fito a ciki, har zuwa Unforgiven na Clint Eastwood a 1992, finafinan kaboyi sun shafe shekara arba'in da 'yan kai suna komawa kan mutum guda: gwanin harbi da ƙarfinsa ya fara ja da baya, zamani kuma ya wuce ya bar shi. Yawancin masu sharhi kan ɗauki waɗannan finafinai a matsayin zaman makoki, wato Amurka na kukan rabuwa da zamanin doki da fili marar shinge. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan, tunda mota da layin dogo da waya mai ƙaya suna yawan bayyana a cikinsu. Sai dai a ganina wannan fahimta ta tsaya a bakin ƙofa. Abin da ya haɗa masu inganci a cikinsu tambaya ce ta gado: me tsohon zai bar wa yaron da ke kallonsa? Da wuya ka ga ɗaya da ba a ajiye wani yaro ko saurayi a gefe ba, yana leƙe ta taga ko ta ƙarƙashin ƙofa, kuma da abin da ya rage a hannun wannan yaro bayan an gama harbe-harbe ya kamata a auna kowane fim.

A The Gunfighter an shimfiɗa tambayar ba tare da ado ba. Ringo ya zo garin Cayenne ne don ya ga matarsa Peggy, malamar makaranta da ta ɓoye sunansa, da kuma ɗansa da bai san ko wane ne ubansa ba, bayan rabuwar shekara takwas. Kusan duk tsawon fim ɗin yana zaune ne a kusurwar mashaya, idonsa a kan agogo, domin 'yan'uwa uku na wani saurayi da ya kashe a garin baya suna nan tafe. A waje 'yan makaranta sun gudo daga aji sun cika titi suna leƙensa, mai mashayar kuma sai murna yake yi, ya san daga ranar kasuwarsa ta buɗe. Halin Ringo kamar na tsohon ɗan dambe ne da kowane sabon shiga ke so ya kayar don makaɗa su sa sunansa a waƙa, illa dai a fagen Ringo wanda ya faɗi ba ya tashi. 'Yan'uwan nan uku ma ba su same shi ba. Wani ɗan tasha na garin, Hunt Bromley, shi ya harbe shi ta baya yana shirin tafiya. Abin da Ringo ya yi yana gargarar mutuwa shi ne ginshiƙin fim ɗin: ya ce a faɗa wa mutane shi ya fara zare bindiga, don kada a rataye Bromley. Mai kallo na iya zaton afuwa ce, alhali hukunci ne mafi tsanani da ya sani. Ya bar wa yaron sunan wanda ya kashe Ringo, kuma daga ranar shi ma ya rabu da barci mai nauyi ke nan. Babu gwajin saurin hannu a tsakar titi, babu kiɗan nasara. Shugaban kamfanin Fox ya ɗora alhakin rashin kasuwar fim ɗin a kan gashin bakin da Peck ya ajiye, amma na fi zaton abin da ya sanyaya gwiwar 'yan kallo shi ne fim ɗin ya ƙi ba su abin da suka biya kuɗi su gani.

Tarihi kuwa ya fi tsayawa a bayan wannan fim fiye da sauran 'yan'uwansa. Wild Bill Hickok ta ƙeya aka harbe shi yana caca a Deadwood a 1876, yana da shekara 39, idanunsa sun riga sun fara rauni. John Wesley Hardin ya yi shekaru a kurkuku, ya karanci shari'a, ya fito, amma a 1895 aka harbe shi ta baya a wata mashaya a El Paso. Jesse James a cikin gidansa wani yaronsa, Robert Ford, ya kashe shi a 1882, sannan ya riƙa hawa dandamali yana kwaikwayon yadda ya yi kisan ana biyansa. Waɗanda suka tsufa kuwa da sayar da labari suka ƙare. Bat Masterson ya rasu a 1921 a kan teburinsa a wani gidan jarida a New York, inda yake rubuta sharhin wasanni. Wyatt Earp ya rasu a Los Angeles a 1929 yana da shekara 80, bayan ya daɗe yana kai-kawo a wajen 'yan fim, har taurarin kaboyi William S. Hart da Tom Mix na cikin masu ɗaukar akwatin gawarsa. Faɗan O.K. Corral na 1881 da ya ɗaukaka sunansa bai wuce kimanin daƙiƙa talatin ba, mutum uku ne suka mutu. Masanin tarihi Robert Dykstra ya ƙirga kisan kai 45 a manyan garuruwan cinikin shanu biyar na Kansas tsakanin 1870 da 1885. Idan aka duba ƙarancin mutanen garuruwan adadin ba ƙarami ba ne, amma ya yi nisa ƙwarai da abin da silima ke nunawa, kuma garuruwa irin su Dodge City har dokar hana yawo da bindiga suka kafa. Wato gwanin harbin da yaran Amurka suka sani, ƙananan littattafan kwabo da wasan Buffalo Bill da aka fara a 1883 da kuma Hollywood ne suka ƙera shi. Saboda haka duk lokacin da wani darakta ya zaunar da yaro kusa da tsohon ɗan bindiga, sana'arsa ta kansa ce yake tuhuma, ko ya sani ko bai sani ba.

Ba kowane fim ne ya iya ɗaukar nauyin wannan tuhuma ba, kuma Shane na 1953 ne misali mafi girma, duk da ƙaunar da ake yi masa. George Stevens mutum ne da ya ga yaƙi da idonsa, domin yana cikin waɗanda suka ɗauki hoton sansanin Dachau a 1945, kuma ya dawo da ƙudurin nuna cewa harsashi ba abin wasa ba ne. Shi ya sa ya ƙara wa ƙarar bindiga ƙarfi, kuma lokacin da Jack Palance ya harbi wani ƙaramin manomi aka fizge ɗan wasan da waya ya faɗa cikin taɓo. Wannan wuri har yau yana tayar da tsigar jiki. Shane ɗin kansa, wanda Alan Ladd ya fito, ya faɗa wa attajirin shanu Ryker cewa kwanakinsu duka biyu sun ƙare, bambancin kawai shi ya san da haka, ya kuma faɗa wa yaron nan Joey cewa wanda ya yi kisa ba shi da hanyar komawa. Maganganun duk daidai suke. Matsalar ita ce ta idon Joey muke kallon komai, kuma abin da Joey ya gani ta ƙarƙashin ƙofar mashaya mutum ne mai kyan sura da ya share mugaye uku cikin ƙiftawar ido ya ceci kwari guda. Yaron da ke binsa da kira ya dawo bai ji wa'azin ba, abin da ya gani ne ya zauna masa. High Noon na 1952 ya fi shi taka-tsantsan a nan. A ciki akwai tsohon ɗan doka da ciwon gaɓoɓi ya naɗe wa hannu, yana gaya wa jarumin fim ɗin, Gary Cooper, cewa ƙarshen wannan aiki mutuwa ce a titi ba kowa, kuma da manyan gari suka noƙe, wani yaro ne ya ce zai taimaka, Cooper ya sallame shi. Abin da yaron ya gani a ƙarshe shi ne jarumi ya cire tauraron aikinsa ya jefar a ƙasa a gaban mutanen da suka yashe shi.

Zuwa 1962 lamarin ya ƙara nauyi, domin a ƙarshen shekarun 1950 shirye-shiryen kaboyi fiye da ashirin ke fitowa a talabijin ɗin Amurka kowane mako, yara na kallon harbi a falon gidajensu. A 1962 ɗin ne John Ford ya fitar da The Man Who Shot Liberty Valance, inda wanda ya yi kisan na gaskiya ya mutu fakiri aka sa shi a akwatin katako ba ko takalmi, wanda aka jingina wa kisan kuma ya zama sanata, editan jarida ya ji gaskiya ya yaga takardarsa. A shekarar ne kuma Sam Peckinpah ya yi Ride the High Country, wanda a wurina ya fi kowanne tausayi. Joel McCrea ya fito a matsayin Steve Judd, tsohon ɗan doka da hannun rigarsa ya zare, wanda ya shigo gari yana zaton shi ake wa tafi alhali tsere ake kallo, har mota ta kusa take shi. Da banki ya ba shi takardar yarjejeniyar rako zinariya daga ma'adinai, sai ya nemi izini ya shiga bayan gida, don kada a ga ya sa tabarau. Tsohon abokinsa Gil Westrum, wanda Randolph Scott ya fito a fim ɗinsa na ƙarshe, ya koma sayar da ƙaryar jarumtarsa a rumfar wasa da gemun jabu. Tsakaninsu akwai saurayi Heck Longtree, wanda ya taho da niyyar sata, kuma tafiyar gaba ɗaya ja-in-ja ce tsakanin tsofaffin biyu a kan wane ne zai bi. Abin da ya juya Heck shi ne ganin mutumin da ba shi da komai yana riƙe amanar kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Da harsashi ya sami Judd a ƙarshe, roƙonsa ɗaya ga Westrum shi ne kada ya bari Heck ya zo ya ga mutuwarsa. Ya san abin da ido ke yi wa zuciyar saurayi, kuma ba ya so ƙarshensa ya zama abin sha'awa.

Za a iya cewa duk wannan ƙarin gishiri ne, cewa dalilin finafinan nan na kasuwa ne tsagwaron: taurarin sun tsufa, kamfanoni kuma ba sa so su rasa sunayen da ke sayar da tikiti, sai aka ɗinka musu labarin da ya dace da tumbinsu da furfurarsu. Gaskiya ne, ba na musu. An haifi Scott a 1898, McCrea a 1905, John Wayne a 1907, kuma da True Grit na 1969, inda ya fito tsohon ɗan doka mashayi mai ido ɗaya, Wayne ya samu kyautar Oscar ɗinsa guda tilo. Amma wannan dalili na kasuwa shi ne ya ba finafinan ƙarfin da babu marubucin da zai iya ƙirƙirowa. Mai kallon da ya girma yana ganin Wayne yana harbi shi ne yaron da ke leƙe, kuma yanzu an zaunar da shi ya ga abin da shekaru suka yi wa gwaninsa. Don Siegel ya fahimci haka sarai a The Shootist na 1976, shi ya sa ya buɗe fim ɗin da gutsattsarin tsofaffin finafinan Wayne a matsayin tarihin rayuwar J.B. Books. Books ya shigo Carson City a watan Janairu na 1901, jaridu na ɗauke da labarin rasuwar Sarauniya Biktoriya, yana zaune a kan jan matashi a bisa sirdi saboda ciwo. Likita, wanda James Stewart ya fito, ya gaya masa ciwon daji ne, ya ba shi maganin kashe zafi, ya kuma bayyana masa irin azabar da ke tafe. Kowa a ɗakin kallo ya san an cire wa Wayne huhu guda a 1964 saboda wannan ciwo. Fim ɗin ya zama na ƙarshe gare shi, ya rasu a 1979.

Tsakiyar The Shootist jerin gwanon masu neman riba ce, kuma a nan fim ɗin ya fi kaifi. Ɗan jarida na so ya rubuta labarinsa da ƙari, tsohuwar budurwarsa na so ya aure ta don ta sayar da littafi da sunansa, mai binne gawa na shirin nuna gawarsa a karɓi kuɗi, har mai aski ya share gashin da ya aske masa ya adana don sayarwa. Mutumin bai mutu ba an gama rabon gadonsa. A gefe kuma ga Gillom, ɗan bazawarar da Books ya kama haya a gidanta, wanda Ron Howard ya fito, yana shan giya a ɓoye yana roƙon a koya masa harbi. A ranar da ya cika shekara 58 Books ya gayyaci abokan gaba uku zuwa mashaya ya kashe su, sai mai sayar da giya ya harbe shi ta baya. Gillom ya ɗauki bindigar Books ya kashe mutumin, ya dubi hannunsa, ya yi wurgi da ita, Books ya gyaɗa kai ya cika. Dole a faɗi cewa ba haka ƙarshen yake a littafin Glendon Swarthout ba. A can Gillom ne ya ƙarasa Books, kuma Wayne ne ya sa aka canza, kamar yadda ya ƙi yarda a nuna shi yana harbin mutum ta baya. A nan ake ganin iyakar abin da tauraro zai iya yi wa kansa, domin ya yarda a nuna shi da ciwo da rauni amma bai yarda a taɓa mutuncin sunansa ba. Duk da haka jefar da bindigar nan ba ƙaramin abu ba ne daga mutumin da ya shafe kusan shekara hamsin yana koya wa yara akasin haka.

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda ke cewa finafinan nan baki biyu gare su. Sukan yi awa ɗaya da rabi suna nuna cewa bindiga asara ce, sannan a minti goma na ƙarshe tsohon ya miƙe ya nuna har yanzu babu kamarsa, mai kallo ya fita da daɗin harbin ya manta da wa'azin. Wannan suka tana da hujja, kuma hujjar har a yankinmu ta bayyana, inda gidajen silima suka daɗe suna nuna finafinan kaboyi. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka canza sunaye, suka addabi ƙauyensu, wasa ya koma jini. Hula da bindiga ne suka ƙetare teku, nadamar ta tsaya a can. Peckinpah ya yi ƙoƙarin amsa wannan suka a The Wild Bunch na 1969 ta hanyar ƙara jinin har ya gundiri mai kallo, a lokacin da aka sassauta dokokin tace fim kuma yaƙin Biyetnam na shigowa gidaje ta talabijin. Labarin a 1913 yake, a kan iyakar Teksas da Meziko. William Holden ya fito a matsayin Pike Bishop, shugaban 'yan fashi da ya zame daga likkafa ya faɗi a gaban yaransa, wanda fashin da ya so ya zama nasa na ƙarshe ya ƙare da buhunan zobban ƙarfe maimakon azurfa. Yara na ko'ina a fim ɗin. Da su aka buɗe, suna dariya suna jefa kunamu cikin tururuwa sannan su cinna wuta, bayan kisan gillar farko kuma suka bi ta kan gawawwaki suna harbin juna da yatsa, a ƙarshe kuma wani ƙaramin yaro cikin kakin soja ne ya harbi Pike ta baya. A fili yake Peckinpah na cewa gadon ya riga ya isa hannun yara. Sai dai ya ɗauki kisan ƙarshe da mashinga da irin gwanintar da ta sa ya zama abin kallo mai ƙayatarwa, kuma waɗanda suka kwaikwaye shi daga baya gwanintar suka ɗauka. A kan wannan fim masu sukar sun fi ni gaskiya.

Unforgiven ne ya zo da amsar da ta fi gamsar da ni, kuma ina ganin dalili shi ne Eastwood ya raba yaron gida biyu. David Webb Peoples ya rubuta labarin tun a shekarun 1970, Eastwood ya saya ya ajiye sai da ya haura shekara sittin. William Munny tsohon makashi ne da ya tuba a hannun matarsa, ta rasu ta bar shi da 'ya'ya biyu da aladu masu ciwo a Kansas. Ba ya iya samun gwangwani da ƙaramar bindiga, dokinsa ma kayar da shi yake yi. Talauci ne ya fitar da shi neman ladan dala dubu da karuwan garin Big Whiskey suka tara a kan kaboyi biyu, bayan an yanka fuskar 'yar'uwarsu, ɗan dokar garin Little Bill kuma ya yanke tarar dawakai da aka biya mai gidan, ita ba a ba ta komai ba. Saurayin da ya jawo shi, mai kiran kansa Schofield Kid, yana cika bakin ya kashe mutum biyar alhali ko nesa ba ya gani. Kisan farko na wani matashi ne da ya daɗe yana kukan ƙishirwa kafin ya cika, abokin Munny, Ned Logan, ma kasa ƙarasa shi ya yi. Na biyu Kid ne ya yi, ya harbi mutum yana tsugune a bayan gida. Bayan nan ya zauna a gindin bishiya yana kurɓar giya yana kuka, ya amsa cewa wannan ne na farko, ya miƙa wa Munny bindigarsa ya tafi. Saboda haka lokacin da Munny ya koma shan giya ya shiga mashaya ya rama kisan Ned, yaron ba ya nan. Wanda ke nan shi ne Beauchamp, marubucin littattafan kwabo, wanda tun gawawwaki ba su huce ba ya fara tambayar wa aka fara harbi. Eastwood bai hana mu daɗin ramuwar ba, kuma ƙarya ne a ce ba a jin sa. Abin da ya yi shi ne ya sa Munny ya fara da harbe mai mashaya da ba shi da makami, ya kuma amsa da bakinsa cewa ya taɓa kashe mata da yara, sannan ya ajiye mu kusa da Beauchamp. Wanda ya ji daɗin wurin ya san da wa yake zaune. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar huɗu, har da ta fim mafi kyau.

Akwai sauran suka guda da ba ni da amsarta, kuma bai kamata a nemo mata amsa ta dabara ba. Finafinan nan sun iya tausayin wanda ya yi kisa, amma kusan ba su san sunan waɗanda aka kashe aka karɓe ƙasarsu ba. Shekarar 1890 da hukumar ƙidaya ta Amurka ta ce bakin iyakar Yamma ya ɓace, wadda ake ɗauka a matsayin mafarin wannan kewa, ita ce shekarar da sojoji suka kashe ɗaruruwan mutanen Lakota a Wounded Knee. Filin da tsohon ɗan bindiga ke kukan an shinge, kafin shi akwai masu shi. A Unforgiven matar Ned 'yar asalin ƙasar ce, kuma ko kalma ɗaya ba a sa a bakinta ba. A The Wild Bunch mutanen Meziko sun faɗi da dama ba a ƙirga su, kyamara na bin fararen fata huɗu. A fim ɗin Ford, Pompey baƙar fata, wanda Woody Strode ya fito, shi ne mafi aminci a labarin, amma mai mashaya ya ƙi sayar masa. Tambayar gado da waɗannan finafinai suka yi da gaske suka yi ta, sai dai a cikin gida ɗaya suka yi ta, tsakanin farin tsoho da farin yaro. Alhali tarihin Yamma yana da labarin da ya fi duk waɗanda suka ƙirƙira dacewa da wannan jigo. An haifi Bass Reeves bawa a 1838, ya zama mataimakin jami'in tsaro na tarayya a yankin da ya zama Oklahoma, ya yi shekara 32 yana kamo masu laifi. Da aka tuhumi ɗansa na cikinsa da kashe matarsa, shi ya karɓi takardar kamun ya je ya kawo shi, aka yanke wa ɗan hukuncin ɗauri. Bayan Oklahoma ta zama jiha a 1907 aikinsa na tarayya ya ƙare, sai ya koma ɗan sandan birnin Muskogee yana dab da shekara saba'in, ya rasu a 1910. A duk tsawon shekarun da Peck da McCrea da Wayne suka yi suna tsufa a gaban kyamara, babu babban kamfanin Hollywood da ya ɗauki labarinsa, sai a 2023 aka yi masa shiri mai dogon zango a talabijin.